Sarki Prempeh a Tsibirin Seshal

Karanta: Wahayin Yahaya 1:9

Ɗan'uwana mai karatu, mu a Garwa tsibirin da muka sani shi ne tudun yashin da Binuwai take bari da rani, yaro ma ya haye da ƙafa. Amma akwai tsibirin da teku ce katangarsa, babu bukatar ƙofa ko kwado. A irinsa aka ajiye manzo Yahaya a Batmusa, a irinsa kuma Turawan Ingila suka ajiye Prempeh na ɗaya, sarkin Asante, ƙasar da kakanninmu fatake suke zuwa sayen goro.

Ya hau sarauta a 1888 yana saurayi. A Janairun 1896 rundunar Ingila, har da sojojin Hausawa a ciki, ta shiga Kumasi. Sarki ya hana mutanensa yaƙi don kada a ƙone garin. Duk da haka aka sa ya durƙusa gaban gwamna a idon talakawansa, aka nemi zinariya oza 50,000 da ba shi da ita, aka tafi da shi tare da mahaifiyarsa Yaa Akyaa. Daga gidan yari na Elmina sai Saliyo, daga nan a 1900 sai tsibirin Mahe na Seshal, can cikin Tekun Indiya.

Ka yi tunani, shekara 24! Mutumin da ake yi wa kiɗa idan ya fito, ga shi yana koyon baƙaƙe kamar ɗan aji ɗaya. Ya iya karatu da rubutu, ya sa aka rubuta tarihin sarakunan Asante. A 1904 aka yi masa baftisma a ikkilisiyar Angilikan da suna Edward, ɗansa John kuma ya zama fasto daga baya. Wasu sun ce dabara ce don Turawa su tausaya su mai da shi gida. Ni dai ban ga zuciyarsa ba, kai ma haka. Amma na lura baftismar ba ta buɗe masa hanya ba. Ya yi ta rubuta takardun roƙo, shiru, har shekara 20 bayanta. A nan ya binne mahaifiyarsa, a nan Yaa Asantewaa ta rasu a 1921.

A Nuwamban 1924 aka bar shi ya koma, ba sarauta, sai a 1926 aka ba shi Kumasi kaɗai. Ya ci gaba da zuwa sujada a majami'a har ya rasu a watan Mayu 1931.