William Halsted: Likitan da ya bi sawun sankarar mama har hammata

An haifi William Stewart Halsted a birnin New York na Amurka ranar 23 ga watan Satumban 1852. Ya kammala karatun likita a 1877, sa'annan ya shafe shekaru biyu yana ƙaro ilimin fiɗa a Turai.

A 1884 ya fara gwada hodar iblis a jikinsa a matsayin maganin kashe zafi lokacin tiyata. Gwajin ya yi nasara, amma ƙwayar ta kama shi, kuma maganin mofin da aka ba shi domin ya rabu da ita ya zame masa jaraba har ƙarshen rayuwarsa. Duk da haka ya zama babban likitan fiɗa na asibitin Johns Hopkins da ke Baltimore, inda ya shigo da safar hannu ta roba ɗakin tiyata domin wata ma'aikaciyar jinya, Caroline Hampton, wadda ya aura a 1890.

Sai dai an fi saninsa da aikin sankarar mama. A ganinsa cutar tana tafiya ne daki-daki: daga ƙarin da ke cikin nono zuwa kaluluwar hammata, daga nan ta bazu cikin jiki. Saboda haka yakan cire nonon baki ɗaya, da naman ƙirjin da ke ƙarƙashinsa, da kaluluwar. A 1894 ya wallafa sakamakon mata 50, kuma uku ne kawai cutar ta sake tsiro musu a wurin da aka yanka.

Rahotonsa na 1907 ya nuna abin da shi kansa bai ba cikakken muhimmanci ba. Akasarin matan da cutar ba ta kai kaluluwarsu ba sun rayu, waɗanda ta riga ta yi nisa kuwa faɗin yankan bai cece su ba. Mata da yawa sun rasa naman ƙirji, wasu hannu ya kumbura musu, ba tare da ƙarin kwana ba.

Halsted ya rasu ranar 7 ga watan Satumban 1922, amma tiyatarsa ta yi kusan shekaru hamsin tana tashe bayansa. Binciken da Bernard Fisher ya fara a 1971 ne ya tabbatar da cewa ƙaramar tiyata na ba da sakamako iri ɗaya, domin cutar kan iya bin jini tun da wuri.

Kaluluwar dai ba ta rasa matsayinta ba. Likitoci sun gano cewa gwargwadon girman ƙari da saurin hayayyafar ƙwayoyinsa, gwargwadon yiwuwar ya kai hammata. Shi ya sa idan mace ta taso daga Batsari ko Safana zuwa asibiti a Katsina da ƙari a nono, likita zai auna girmansa, ya laluba hammatarta, ya kuma tambayi watanni nawa ta yi da shi a gida.