Erik Erikson: Mai Zanen da Ya Koma Duba Masu Damuwar Zuciya

Da yawa daga cikinmu ɗalibai mun ɗauka cewa duk wanda ya kai shekara 25 bai tsai da sana'a ba, to ya makara. Tarihin Erik Erikson ya nuna ba haka abin yake ba, domin a daidai wannan shekarar ce ya ajiye sana'ar zane ya kama hanyar da ta ɗaukaka sunansa a duniya.

An haife shi a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus ranar 15 ga Yuni, 1902. Mahaifiyarsa, Karla Abrahamsen, Bayahudiya ce 'yar ƙasar Danmak. Bai taɓa sanin mahaifinsa ba. Yana ƙarami uwar ta auri wani likitan yara mai suna Theodor Homburger, aka kuma ɓoye masa cewa shi agola ne a gidan. Da yake dogo ne mai farin gashi, yaran Yahudawa ba su ɗauke shi nasu ba, a makarantar boko kuwa ana tsokanarsa da Bayahude. Haka ya tashi kamar jemage, ba ya cikin tsuntsaye, ba ya cikin dabbobi.

Mijin uwarsa ya so ya karanta likitanci, amma shi zane ya sa a gaba. Ya shafe shekaru yana yawo tsakanin Jamus da Italiya yana zane, ba tsayayyen aiki, ba takardar jami'a.

A shekarar 1927 abokinsa Peter Blos ya gayyace shi Viyana, babban birnin Ostiriya, don ya koyar a wata ƙaramar makaranta. A nan ne Anna Freud, ɗiyar shahararren masanin nan Sigmund Freud, ta lura da yadda yake tafiyar da yara. Ta ba shi shawarar ya koyi aikinta, wato warkar da damuwar zuciya ta hanyar sauraro da tattaunawa. Sauyin bai zo da sauƙi ba. Sai da shi kansa ya zauna gabanta tsawon shekaru tana nazarin abin da ke cikin ransa, kamar yadda ƙa'idar horon ta tanada, kafin ya sami shaidar ƙwarewa a 1933.

A wannan shekarar Hitila ya hau mulki a Jamus. Erikson ya kwashe iyalinsa zuwa Amurka, ya zauna a birnin Boston yana duba yara masu damuwa. Ya yi aiki a jami'o'in Harvard da Yale da Kalifoniya. Lokacin da ya zama ɗan ƙasa a 1939 ne ya raɗa wa kansa sunan Erikson.

Shekarun yawonsa ba su tafi a banza ba. Idon mai zane ya taimaka masa wajen lura da wasan yara: yakan ba su kayan wasa su gina abin da suke so, daga nan ya fahimci abin da bakinsu ya kasa faɗa. Haka kuma ruɗanin da ya sha kan asalinsa shi ya zama babban darasinsa. A littafinsa *Childhood and Society* na 1950 ya kasa rayuwar ɗan Adam mataki 8, tun daga goyo har tsufa, kowane mataki da irin gwagwarmayarsa. Ta matashi ita ce ya gane ko shi wane ne, da kuma inda ya dosa.

A 1960 ya zama farfesa a Harvard, alhali ba shi da digiri ko ɗaya. Littafinsa kan Mahatma Gandi ya ci kyautar Pulitzer a 1970. Ya mutu ranar 12 ga Mayu, 1994, yana da shekara 91.

Saboda haka, ɗalibin da ya ga kwas ɗin da yake karantawa bai kwanta masa ba, kada ya yanke ƙauna. Sai dai ya tuna cewa Erikson ya yi shekara 6 yana koyo a hannun ƙwararru kafin ya kira kansa mai magani.