Charles Simeon, Uban Masu Wa'azi (1759–1836)

Cikin wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Timoti, sura 2, aya 2, Manzo Bulus ya umarci ɗansa cikin bangaskiya ya danƙa abin da ya koya ga amintattun mutane, waɗanda su kuma za su iya koya wa waɗansu. In mun ƙidaya za mu ga tsara huɗu cikin aya guda: Bulus, da Timoti, da amintattun nan, da waɗanda za su biyo bayansu. Domin mu ga yadda wannan umarni yake aiki cikin zaman mutum, bari mu duba labarin wani bawan Allah na ƙasar Ingila, wanda ya ɗanɗana ɗacin zama ba mai bi da shi, sa'an nan ya ba da dukan ransa domin kada waɗansu su sha abin da ya sha.

An haifi Charles Simeon a garin Reading ran 24 ga Satumba, 1759. Ɗan masu hali ne, a samartakarsa kuwa ba abin da ya dame shi sai dawakai da tufafi masu kyau. A watan Janairu na 1779 ya shiga jami'ar Kambirij, a kwalejin da ake kira King's. Kwanansa uku da zuwa aka gaya masa dokar wurin ce kowane ɗalibi ya ci Jibin Ubangiji. Tsoro ya kama shi ƙwarai, gama ya san bai isa ba. Ya yi ta azumi da karatu, amma nauyin zunubinsa sai ƙaruwa yake yi. Ananan, cikin makon shan wuyar Ubangijinmu, yana karanta wani littafi a kan Jibin, ya iske bayanin yadda Isra'ilawa sukan ɗora zunubansu a kan dabbar hadaya, kamar yadda muke gani cikin Littafin Firistoci, sura 16. Nan ya gane Allah ya riga ya tanada masa hadaya, wato Yesu Almasihu. Ran Lahadin Tashin Ubangiji, 4 ga Afrilu, 1779, ya farka da salama a zuciyarsa.

Amma ga abin tausayi. Shekara uku cur bai sami ko mutum ɗaya a Kambirij wanda zai zauna da shi su yi zancen abin da ya faru cikin zuciyarsa ba. Ya tsaya da alherin Allah, amma tsayuwar jariri ce wanda ba shi da mai goyo. Yana da saurin fushi, da girman kai, ba kuwa mai gaya masa.

A shekara ta 1782, bayan an keɓe shi ga aikin ekklisiya, ya sadu da wani saurayi, John Venn, wanda ya kai shi wurin mahaifinsa, Henry Venn, dattijon fasto na ƙauyen Yelling, wajen mil 12 daga Kambirij. Daga ran nan Simeon ya riƙa hawan dokinsa yana zuwa gidan a kai a kai, har kusan rasuwar dattijon a 1797. Venn ya karɓe shi kamar ɗa. Yakan saurare shi, ya yi addu'a tare da shi, ya kuma tsauta masa cikin ƙauna.

Ana ba da labari, wata rana bayan Simeon ya koma gida, 'ya'yan Venn mata suka yi ta dariyar halinsa da irin ɗagawarsa. Mahaifinsu ya kai su lambu, ya sa suka tsinko ɗan wani itace tun yana kore shar, bai ko fara nuna ba. Ya nuna musu ba wanda zai ci shi haka, amma in ya ƙara samun rana da ruwan sama zai nuna ya yi zaƙi, haka kuma saurayin nan yake. Wannan ita ce baiwar farko ta mai renon almajiri, wato ya iya hangen nunannen cikin ɗanyen, ya kuma yi haƙurin jira.

Haƙurin da Simeon ya koya a Yelling ya yi masa rana nan da nan. A watan Nuwamba na 1782 aka naɗa shi fasto na majami'ar Triniti Mai Tsarki a tsakiyar Kambirij, yana da shekara 23. Jama'ar kuwa wani dabam suke so. A zamanin nan kujerun majami'a suna da ƙofofi, masu kuɗi ne suke riƙe da su. Sai suka kulle kujerunsu suka ƙi zuwa, har ya zama masu zuwa jin wa'azi sai a tsaye. Simeon ya sayo bencina da kuɗinsa, dattawan majami'a suka jefar da su waje. Da ya so yin sujadar maraice suka kulle ƙofa. Fiye da shekara goma ana wannan hali. Bai rama ba, bai kuwa gudu ba. Yakan tashi tun da asuba, wajen ƙarfe huɗu, domin addu'a da nazarin Littafi Mai Tsarki. A wannan majami'a ya zauna shekara 54.

A lokacin, samari da yawa sukan gama jami'a su zama fastoci ba tare da an koya musu yadda ake wa'azi ba. Simeon ya tuna da shekarunsa uku na kaɗaici, ya buɗe ƙofar ɗakinsa. A farkon shekarun 1790 ya soma tara ɗalibai yana koya musu yadda za su ɗauki nassi, su rarraba shi, su fitar da abin da yake ciki ba tare da sun cusa masa ra'ayinsu ba. Ya koya musu auna kowane wa'azi da abu uku: ko ya ƙasƙantar da mai zunubi, ko ya ɗaukaka Mai Ceto, ko ya kai ga zaman tsarki. Daga baya ya ƙara da hirar daren Jumma'a, inda ɗalibai sukan cika ɗakin, a sha shayi, kowa ya yi tambayar da take damunsa. Ya kuma rubuta tsarin wa'azi 2,536 cikin littattafai 21, daga Farawa har Wahayin Yahaya. Bai taɓa yin aure ba, samarin nan su ne 'ya'yansa.

Cikin dukansu wanda ya fi shiga ransa shi ne Henry Martyn, wanda ya fi kowa a jarrabawar lissafi ta jami'ar a 1801. Niyyarsa ya zama lauya, amma da ya ji Simeon yana ba da labarin aikin William Carey a Indiya, zuciyarsa ta juya. A 1803 ya zama mataimakin Simeon, a 1805 kuma ya shiga jirgin ruwa zuwa Indiya. Simeon yana bukatarsa ƙwarai, duk da haka ya sake shi. Martyn ya juya Sabon Alkawari zuwa harshen Urdu da na Farisa, ya rasu a Tokat, ƙasar Turkiyya, a 1812, yana da shekara 31. Mu da muke aikin juya Maganar Allah mun san nauyin abin da ya gama cikin 'yan shekarun nan. Simeon ya rataye hotonsa a ɗakinsa, duk sa'ad da ya dube shi sai ya ji kamar ana gargaɗinsa kada ya yi wasa da aikin Allah. Almajiri ya zama mai tunatar da malaminsa.

Amfanin wannan reno ya iso har ƙasarmu. Simeon yana cikin waɗanda suka matsa aka kafa ƙungiyar C.M.S. a 1799, John Venn kuwa shi ya shugabanci taron kafa ta. Ɗan John, mai sunan kakansa Henry Venn, ya zama sakataren ƙungiyar, shi ne kuma ya tsaya har aka naɗa Samuel Ajayi Crowther bishop a 1864. Wannan ƙungiya ce ta aiko Likita Walter Miller, wanda ya zauna a Zariya, ya yi babban aiki cikin juya Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932.

Simeon ya rasu ran 13 ga Nuwamba, 1836. Ran jana'izarsa aka rufe kantuna, aka dakatar da karatu a jami'a, a garin da aka taɓa kulle masa ƙofar majami'a.

Ya ku 'yan'uwa, a cikin ekklisiyoyinmu akwai waɗanda aka yi wa baftisma bara, yau suna zaune kamar Simeon cikin shekarunsa uku. Suna zuwa sujada, amma ba wanda ya taɓa kiransu gida ya tambaye su yadda addu'arsu take, ko abin da yake jarabtarsu. Waɗansu sukan jure, da yawa kuwa sukan yi sanyi su koma baya ba a sani ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Henry Venn bai kafa makaranta ba, abin da ya bayar shi ne gidansa, da lokacinsa, da gaskiya cikin ƙauna. Wannan kuwa kowane dattijo da kowace uwa cikin zumuntar mata za su iya bayarwa.

Kafin ƙungiya ta watse, a karanta Ayyukan Manzanni 9:26-28, a ga abin da Barnaba ya yi wa Shawulu sa'ad da kowa yake gudunsa. Sa'an nan kowa ya amsa wa kansa: Wane ne ya riƙe hannuna sa'ad da nake sabon mai bi, na kuwa taɓa gode masa? Wane ne ɗanyen da nake yi wa dariya maimakon in yi masa addu'a? Wa zan kira gidana cikin makon nan? Bari kowa ya riƙe suna guda a zuciyarsa, mu kai su gaban Ubangiji tare.