Mordechai Gebirtig: Kafintan Krakow da ya hango gobarar tun kafin ta tashi

A unguwar Kazimierz ta birnin Krakow, a ƙasar Foland ta yau, aka haifi Mordechai Gebirtig a shekarar 1877, cikin gidan talakawan Yahudawa. Bai yi nisa a karatu ba aka kai shi koyon kafinta, kuma da gyaran tsofaffin kujeru da tebura ya ci abinci har tsufansa. Ya yi aikin soja a rundunar daular Ostiriya da Hungari lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan ya komo ga zarto da gudumarsa.

Abin mamaki game da mutumin shi ne bai iya rubuta kiɗa a takarda ba. Da ƙaramar sarewa yake laluben karin waƙa, abokansa da suka san fannin su rubuta masa. Da harshen Yidish yake waƙa, harshen kasuwa da tsakar gida na Yahudawan gabashin Turai, kuma mutanen da ke cikin waƙoƙinsa maƙwabtansa ne: uwa mai rarrashin jariri, ma'aikacin da ya rasa aiki, saurayi mai fito a ƙarƙashin tagar budurwa, har da ɗan sane wanda maraici ya jefa shi titi. Littafinsa na farko ya fito a 1920, na biyu a 1936. Waƙoƙin sun bazu har Amurka, da yawa daga masu rera su suna zaton na gargajiya ne da aka gada daga kakanni. A ganina babu yabon da ya fi wannan ga mawaƙin talakawa.

A watan Maris na 1936 rikici ya ɓarke ranar kasuwa a ƙaramin garin Przytyk, bayan an daɗe ana zuga manoma su ƙaurace wa shagunan Yahudawa. An yi kisa, an farfasa gidaje da rumfuna. Wannan ne ya haifar da waƙarsa mafi shahara, S'brent, wadda ta siffanta ƙaramin gari yana ci da wuta. Ƙarfinta yana cikin wanda take zargi. Ba ta ɓata lokaci kan wanda ya cinna wutar ba. Mutanen garin take fuskanta, tana tuhumarsu da tsayawa kallo, tana kiran su da su tashi su ceci kansu. Karinta na farawa a hankali kamar makoki, sannan ya ɗaga kamar ihun neman agaji da tsakar dare. Masu sauraro a wancan lokaci sun ɗauke ta waƙar wani gari guda. Shekaru kaɗan bayan haka ta zama labarin al'umma baki ɗaya.

Sojojin Jamus sun shiga Krakow a watan Satumba na 1939, birnin da Yahudawansa suka kai kimanin 60,000. A 1940 'yan Nazi suka kori mafi yawansu, Gebirtig da iyalinsa suka koma Lagiewniki a gefen gari. Bai daina rubutu ba, sai dai barkwancin da aka san shi da shi ya ja baya. Ya yi waƙar bankwana da Krakow, inda kaburburan iyayensa suke. Ya yi wata kan abin da ya fi duka ciwo a wurinsa, wato ganin wasu maƙwabta 'yan Foland suna dariya ana wulaƙanta Bayahude, alhali su ma suna ƙarƙashin takalmin maƙiyi ɗaya. Alƙaluma na iya faɗin cewa an hallaka Yahudawan Foland kusan miliyan uku, amma irin wannan ciwo na cin amanar maƙwabci sai dai a ji shi a bakin wanda ya ɗanɗana.

A 1942 aka tusa shi cikin unguwar da aka killace Yahudawa a Podgorze, wadda aka kafa tun Maris na 1941. A can matasan da ke shirya turjiya a ɓoye suka riƙi S'brent a matsayin takensu, aka kuma riƙa rera ta a wasu killatattun unguwanni da sansanoni.

Ranar 4 ga Yuni, 1942, ana tasa ƙeyar dubban mutane zuwa jiragen ƙasa masu tafiya sansanin kisa na Belzec, wani sojan Jamus ya harbe shi a kan titi. Yana da shekara 65. Matarsa da 'ya'yansa mata uku, babu wadda ta tsira daga kisan ƙare dangin. Takardunsa kuwa sun kuɓuta a hannun iyalin abokin da ke rubuta masa kiɗa, kuma a 1946 aka buga waƙoƙinsa na lokacin yaƙi a Krakow. Har yau ana rera S'brent a tarukan tunawa da Yahudawa miliyan shida da aka kashe, da Yidish da kuma fassararta ta Ibrananci.