Likita Mila na Zariya (1872-1952): Baturen da Sarkin Kano Alu Ya Kora

A wannan fitowa ta bana, shafinmu na tarihi ya ɗauko mutumin da ba ɗan ƙasarmu ba ne, addininsa kuma ba shi ne na akasarinmu ba. Sai dai duk ɗan Kwandiko da ke zaune a Kano ko Kaduna ko Legas, yake karanta wannan mujalla da baƙaƙen boko, ya taɓa gadon mutumin nan ko bai sani ba. Sunansa Walter Miller, Zage-zagi kuwa suna ce da shi Likita Mila.

An haife shi a Ingila a 1872. Ya koyi aikin likita a Asibitin St. Bartholomew da ke Landan, sannan ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS. Kafin ya taka ƙasar Hausa sai da ya sauka a Tarabulus ta Libiya, inda fatake da alhazai Hausawa ke yada zango, ya zauna yana koyon harshe daga bakin masu shi. Wannan zama shi ya bambanta shi da sauran Turawan zamaninsa, waɗanda mafi yawansu ba sa iya gaida Sarki sai da tafinta.

A 1900 Bishop Herbert Tugwell ya jagoranci ayarin mutum biyar daga Legas zuwa Arewa, Mila na cikinsu. Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su hannu bibbiyu. Da suka wuce Kano kuwa, sai suka tarar da wani abu dabam. Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda muka fi sani da Alu, bai ga dalilin da zai bar baƙi su shigo masa gari da wani addini ba tare da iznin Sarkin Musulmi ba, ya ba su 'yan kwanaki su tattara nasu ya nasu. Mu tuna, a lokacin Birnin Kudu da Gwaram duk ƙasar Kano ce, saboda haka Sarkin kakanninmu ne ya yi wannan hukunci. Ayarin ya koma Girku a ƙasar Zazzau, a can ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu, sauran suka watse. Mila ne ya nace. Ya je gida ya komo, kuma a 1905 ya sami wurin zama a cikin ganuwar birnin Zariya, a zamanin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. Ya buɗe ɗakin shan magani da 'yar makaranta.

A nan ne labarinsa ya gamu da namu. Duk wanda ya tashi a yankinmu ya ji tsofaffi suna ambaton Ningawa, da yadda hare-harensu suka hana kudancin Kano barci shekara da shekaru. Asalin wannan daula malamai ne, su Malam Hamza na Tsakuwa, waɗanda suka yi tsamar haraji da Kano wajen 1846 suka gudu cikin duwatsun Ningi. Bayan su, a zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Ƙarofi, wani malami mai suna Ibrahim ya riƙa karantar da almajiransa fifikon Annabi Isa, alaihis salam, daga abin da ya fahimta cikin Alƙur'ani, ba tare da ya taɓa ganin ɗan mishan ba. Aka kashe shi a Kano, mabiyansa da ake kira Isawa suka bazu, da yawansu suka fake a ƙasar Ningi, maƙwabtanmu na kusa.

A 1913 waɗansu daga zuriyar Isawa suka iske Mila a Zariya. Mutumin da ya shekara goma sha uku yana wa'azi bai tara jama'ar kirki ba, sai ga mutane sun kawo kansu. Aka kafa musu ƙauye a Gimi. Ba a jima ba ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa, ya faɗa wa ƙauyen ya kashe mutane masu yawa, har dole aka tashi daga wurin. Yaran da suka tsira aka kai su makarantar Zariya. Daga wannan ƙaramar jama'a da ire-irenta ne al'ummar Hausawa Kirista ta Zazzau ta tsiro.

Ba za mu ɓoye halinsa ba. Mila mutum ne mai kaifin harshe da taurin kai. Bai ɗauki Musulunci da mutunci ba a rubuce-rubucensa, sarakunan Fulani kuwa ya yi musu kuɗin goro, yana ganinsu azzalumai. Ƙorafe-ƙorafen da ya riƙa kai wa Turawan mulki suna cikin abin da ya jawo aka tuɓe Aliyu Ɗan Sidi, Sarki malami kuma mawaƙi, aka kai shi Lakwaja inda ya rasu a 1924. Wanda ya ba ka masauki a garinsa, ba haka ya kamata a rabu ba. A ɗaya gefen kuma, Turawan mulki su ma ba su sha da daɗi a hannunsa ba. Ya zarge su da jingina da sarakuna suna barin talaka cikin jahilci da wahala, ya kuma rubuta haka a fili cikin littafinsa na 1947 mai suna Have We Failed in Nigeria?, wato tambaya ce ko Turawa sun gaza a Nijeriya. Razdan-razdan da dama sun so a ce ya bar ƙasar.

Kan batun rubutu, yana cikin waɗanda suka ba Gwamna Lugga shawarar a riƙa rubuta Hausa da baƙaƙen Turawa maimakon ajami a harkar mulki. Shawarar ta shiga. Ribarta ita ce wannan takarda da ke hannun mai karatu, hasararta kuwa ita ce malaman da suka ƙware a ajami suka wayi gari ofis yana lissafa su cikin marasa ilmi. Shirinsa na makarantar 'ya'yan sarakuna bai yi nasara ba, domin iyaye sun ƙi amince wa ɗan mishan da 'ya'yansu. Gwamnati ta miƙa aikin ga Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909. Tsoron da kakanninmu suka yi wa boko yana da tushe a irin wannan tarihi, ko da yake mu ne muka biya kuɗinsa daga baya.

A 1929 aka fitar da mishan daga cikin birni zuwa Wusasa, abin da Mila bai so ba. A can aka gina Cocin St. Bartholomew da tubalin ƙasa bisa fasalin ginin Hausa, aka kuma kafa Asibitin St. Luke. Bartholomew ɗin nan ɗaya ne daga almajiran Annabi Isa goma sha biyu. Al'adar Kirista ta ce ya kai wa'azi har Armeniya aka kashe shi a can, kuma majami'un Angilika da na Katolika suna tunawa da shi kowace ranar 24 ga Agusta. Sunan nan dai shi ne na asibitin da Mila ya yi karatu.

Shi kuwa ya koma Kano, garin da aka kore shi shekara talatin da suka wuce, ya duƙufa kan fassara. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da shi ne jigonsa tare da abokan aiki Hausawa da Turawa. Ya ajiye aiki da CMS a 1935.

Makarantar da ya dasa ƙarama ce, amma ta yi 'ya'ya. Daga cikinta aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu, kuma sunansa ne ke kan Asibitin Barau Dikko na Kaduna da yawancinmu suka sani. Akwai John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. A Wusasa Farfesa Ishaya Audu ya yi karatun farko kafin ya zama ɗan Nijeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello a 1966, a can kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi.

Mila bai taɓa aure ba. Bayan ya je Ingila ya sake dawowa Nijeriya, ya ƙare kwanakinsa a Bukur kusa da Jos, inda ya rasu a 1952 yana da shekara 80.