Jule Charney: Malamin da Ya Yi Lissafin Farin Sahel

Duk lokacin da aka faɗi hasashen yanayi a rediyo, aka ce za a yi ruwa gobe ko za a tashi da hazo, akwai hannun wani mutum a ciki wanda ya rasu tun 1981. Sunansa Jule Charney, Ba'amurke ne. An haife shi a San Francisco ran 1 ga Janairu 1917, ya tashi a Los Angeles. Iyayensa Yahudawa ne 'yan ci-rani daga ƙasar Rasha, sana'arsu ɗinkin tufafi. Lissafi ya fara karantawa a jami'a, daga baya ya koma nazarin iska da gajimare, ya sami digirin dakta a 1946.

A lokacin, masu hasashe suna duba taswirar yanayin yau ne su kwatanta da ta baya, sannan su kintata. An san dokokin da iska ke bi wajen tafiya, amma lissafinsu ya fi ƙarfin alƙalami. Wani Bature ɗan Ingila, Lewis Richardson, ya taɓa ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi tare kafin su riski yanayin duniya. Dabarar Charney ita ce ya tace lissafin, ya zubar da ƙananan motsin iska da ba sa kawo hadari, ya bar manya. A 1950 shi da abokan aikinsa, ciki har da John von Neumann, suka ɗora wannan lissafi a kan ENIAC, wata kwamfuta mai cin ɗaki guda, mai nauyin kusan tan 30. Hasashen awa 24 ya ci mata kusan awa 24. Abin dariya ne a yau, amma daga nan aka fara. A 1956 ya koma jami'ar MIT, a can ya koyar har ƙarshen ransa.

Inda labarinsa ya taɓo mu shi ne farin da ya auka wa yankin Sahel daga 1968 zuwa 1974. Ku tambayi kakanninku labarin 1973: gero ya ƙone a gona, shanu suka mutu garke-garke a Nijar da Mali da Chadi da arewacin Nijeriya. Charney ya tambayi kansa dalilin da ya sa fari idan ya kama wannan yanki yakan daɗe. A 1975 ya fitar da amsarsa. Ƙasa mai ciyawa da bishiyoyi duhu gare ta, tana shanye hasken rana. Idan ta zama fako ko rairayi tsirara, sai ta yi haske, ta mai da hasken rana sama. Iskar da ke kanta sai ta rasa ɗumi, ta riƙa sauka maimakon hawa, kuma gajimaren ruwa ba ya haɗuwa sai iska ta hau. Ruwa ya ragu, ciyawa ta ƙara mutuwa, ƙasa ta ƙara haske. Da aka gwada a kwamfuta, aka ɗaga hasken da ƙasa ke mayarwa daga kashi 14 zuwa 35 cikin ɗari, ruwan daminar Sahel ya ragu da kusan kashi 40.

Wannan bayani ya karɓu ƙwarai, kuma wasu suka yi amfani da shi wajen ɗora wa makiyaya da masu saran itace laifin fari gaba ɗaya. A nan an yi musu rashin adalci. Binciken da aka yi a Ingila a 1986, da wani a Amurka a 2003, ya nuna cewa babban abin da ya janye ruwan Sahel shi ne canjin ɗumin ruwan teku, musamman Atilantika da tekun Indiya. Ƙasa tsirara tana ƙara wa fari tsanani, amma ba ita ta kira shi ba. Duk da haka, Charney ne ya sa masana suka ɗauki maganar da muhimmanci, cewa ciyawar ƙasa tana da ta cewa a kan ruwan sama.

Babban aikinsa na ƙarshe ya zo a 1979, da ya shugabanci wani kwamitin masana a Woods Hole. Tambayar da aka ba su ita ce: idan iskar kabon da ke fita daga ƙona gawayi da man fetur ta ninka a sararin sama, duniya za ta ƙara zafi nawa? Suka ce kusan digiri 3 a ma'aunin Selshiyas, tsakanin 1.5 da 4.5. Rahoton ɗan siriri ne. A 2021 kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, da manyan kwamfutocinsa, ya sake tsayawa a kan digiri 3, sai dai ya matse iyakar zuwa tsakanin 2.5 da 4.

Ciwon daji ya kama shi, ya rasu a Boston ran 16 ga Yuni 1981, yana da shekara 64.