Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo da Rawani

Ƴan'uwa matasa, farin rawanin nan da limamanmu na Madarunfa ke naɗawa ran Juma'a, an yi zamanin da naɗa shi laifi ne a Gobir.

An haifi Shehu a Maratta, cikin Nijar ta yau, a 1754, ya zauna Degel yana karantarwa. Da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo ya tara malamai a Magami zai yi musu kyauta, Shehu bai karɓi dukiya ba. Abu biyar ya roƙa, ciki har da a girmama duk mai rawani. Daga baya Sarki Nafata ya hana maza rawani, mata lulluɓi, don da su ake gane jama'ar Shehu. Tsanani ya ƙaru zamanin Yunfa, sai hijira zuwa Gudu a 1804. Ya rasu a Sakkwato a 1817. Allah ya jiƙansa.